Kunkurun tekun nan mai gurgurar dutse, da gaske gansakuka kaɗai yake ci?

Dan_Birni_Zr
Assalamu alaikum ƴan zaure. Tambaya gare ni ga masu ilimin dabbobi. Akwai wani bidiyo da ke yawo a WhatsApp, ƙaton kunkurun teku a ƙarƙashin ruwa, ya kafa baki a jikin dutse yana ta gurgura. Wanda ya ɗora murya ya ce gansakuka yake ci, wai ita ce cimarsa safe da yamma, ba ruwansa da kifi. Ni dai ban gamsu ba. Dabbar da aka ce tana kai kilo 150, ga kifi iya ganinta, a ce ta bar nama ta koma lasar dutse? Ina ganin akwai ƴan ƙwari ko dodon koɗi a jikin dutsen da yake tsinta, mai bidiyon ne bai lura ba.

Mai_Shayi_Dole
Wa alaikumus salam. Mu da ruwan pampo ma sai an yi layi, yau kuma teku muka faɗa? To bari masana su iso.

Malama_Hadiza_SVT
Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga bidiyon, ɗalibai sun kawo mini shi har aji. Mai muryar bai yi ƙarya ba, taƙaitawa ya yi.

Kunkurun teku iri bakwai ne a duniya, kowane da abincinsa. Akwai mai fasa kaguwa da dodon koɗi, akwai mai cin soson teku, akwai babban nan mai taushin baya da ya dogara kan halittar nan mai yauƙi da muke ce wa méduse a aji. Wanda ka gani shi ne koren kunkuru, Chelonia mydas, kuma shi kaɗai ne cikinsu da in ya girma yake komawa ga tsiro. Inda ƙasan teku yashi ne ko laka, ciyawar teku yake kiwo. Inda dutse ne kuwa ciyawa ba ta samun wurin kafa saiwa, sai gansakukar teku da ke manne wa dutsen: akwai ja, akwai koriya mai faɗin ganye, akwai mai ruwan ƙasa. Bakinsa ma shaida ne. Ba shi da haƙori ko ɗaya, amma gefen muƙamuƙinsa na ƙasa yana da tsini-tsini irin na zarto, da shi yake yankar ciyawa, da shi yake kankare dutse.

Ƴan halittun da kake zato, e, yana haɗiye wasu tare da gansakukar. In ya tsinci mataccen kifi ma ba ya ƙi. Amma in aka duba abin da ke cikin babba, tsiro ne ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Dan_Birni_Zr
Na gode Malama. To ƙibar fa? Gansakuka ai ruwa ce zalla, ka matse ta a hannu ba ka ga komai ba. Ina kilo 150 ɗin ke fitowa?

Ardo_Tanut
Dan Birni, lafiyar dabbobi ce sana'ata, bari in sa baki. Ka taɓa ganin bijimi ya ci nama? Ga shi kuwa da tozo. Ba ciyawar ce ke ƙiba dabba kai tsaye ba, ƙananan ƙwayoyin halittar da ke zaune a cikinta ne ke ruɓar da ciyawar, su fitar da abin da jiki zai sha. Saniya a tumbi take wannan aiki, shi ya sa take tuƙa. Jaki da doki kuwa can ƙarshe, a babban hanji. Ta wannan fuska kunkurun nan ɗan gidan jaki ne. Ba ya tuƙa, ba ya ma tauna, yankowa yake ya haɗiye, abincin ya je babban hanji ya kwanta. Inda suka rabu shi ne haƙuri. Abin da jaki ya ci yau, jibi ka gan shi a ƙasa. Na kunkurun sai ya yi sati ɗaya, sati biyu, wani lokaci fiye, ƙwayoyin nan suna ta tatsarsa.

Sannan jininsa ba irin namu ba ne. Saniya kaso mai yawa na abin da ta ci wajen ɗumama jiki yake tafiya. Shi kuwa zafin ruwan da yake ciki shi ke tafiyar da zafin jikinsa, ba ya kashe abin kirki a nan. Mu a lissafinmu saniya tana buƙatar busasshen abinci kamar kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyinta kowace rana. Wata masaniya, Karen Bjorndal, ta auna na koren kunkuru a tsibiran Bahamas ta wallafa a 1980, bai kai ko rabin kashi 1 cikin 100 ba.

Abin da ya fi burge ni a aikin matar nan ma ba wannan ba ne. Ta lura kunkurun ba ya yawon banza cikin ciyawa. Fili ɗaya yake zaɓa, ya datse tsohon ganye daga ƙasa ya bar ruwa ya tafi da shi, sai ya riƙa komowa wurin yana cin sabon toho. Toho ya fi laushi, ya fi sinadarin gina jiki. Duk wanda ya taɓa riƙe sanda a bayan dabbobi ya san wannan.

Ba_Kura_Gure
Allah Sarki, Bafillace ya ji an ce ciyawa ya taso da gudu. Ardo saura ka ce za ka tatsi nononsa ka kai tasha. Mu da muka san ruwa, kakana su ya yi a Ngigmi, kuma kififiyar tabkin Chadi nama take ci. In ta samu ƙugiya sai ta cinye abin da aka sa wa kifi ta bar masunci da ƙarfe. Ina bayan Dan Birni.

Ardo_Tanut
Bawana, ruwan da kake taƙama da shi ya gudu ya bar Ngigmi tun kafin a yi maka suna. Kififiya daban, wannan daban.

Malama_Hadiza_SVT
Ba Kura bai yi ƙarya kan kififiya ba, ta tapkunanmu ma talibambam da ƙwari da ƙananan kifi take ci. Amma kamar yadda Ardo ya ce, ba dangi na kusa ba ne.

In ƙara kan maganar Ardo: arhar nan ba kyauta ba ce, da lokaci yake biya. Saboda abincin ba shi da ƙarfi, girmansa a hankali yake. Macen sai ta yi shekara 25 zuwa 35 kafin ta fara ƙwai. Sa'ar ɗiyar da aka haifa bana, sai ɗiyar ta yi aure ta yi ƴaƴa ita ba ta ko fara ba.

Sani_Nuwakshot
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni karatu ya kawo ni Nuwakshot, babban birnin Muritaniya, kuma maganar nan a ƙofar gida take a nan. Arewa da birnin akwai gandun Banc d'Arguin da aka kafa a 1976, bakin teku ne marar zurfi, ƙasansa shimfiɗe da ciyawar teku. Masuntan wurin, Imragen, da jiragen da iska ke turawa suke su, an hana masu inji shiga. Wurin na daga cikin manyan makiyayar koren kunkuru a Afirka ta Yamma.

Abin mamakin, da yawansu ba a nan suke ƙwai ba. Sai sun gangara kudu fiye da kilomita 1000 zuwa wani ɗan tsibiri, Poilão, cikin tsibiran Bijagos na Gine-Bisau. An gane haka ne ta na'urar da ake manna musu a ƙoƙon baya, tauraron ɗan'adam yana bin sawunsu. Poilão shi ne wurin ƙwan koren kunkuru mafi girma a duk Afirka, kuma mutanen Bijago suna ɗaukarsa wuri mai tsarki, ba kowa ke taka shi ba. Al'adar ta tsare shi tun kafin gwamnati ta mai da shi gandu a 2000.

Yaya Dan Birni, ga inda ƙibar take tafiya. Akwai waɗanda ke kiwo a gaɓar Burazil, su yi iyo fiye da kilomita 2000 zuwa tsibirin Ascension a tsakiyar Atlantika. Can babu abincin kirki. Watanni suke yi kusan ba ci, da kitsen jikinsu suke zuwa, su yi ƙwai, su komo. Macen takan haƙa rami ta zuba ƙwai wajen 110, bayan kamar sati biyu ta sake, sau da dama a zuwa ɗaya. Shi ya sa ba kowace shekara take zuwa ba, sai ta huta shekara 2 zuwa 5 tana tara kitse.

Zara_Mirya
Ikon Allah. Ni na ɗauka don gansakukar da ke fitowa a bayansa ne aka ce masa kore.

Malama_Hadiza_SVT
A'a Zara, bayansa ruwan ƙasa ne da zane-zane, wani ma baƙi-baƙi. Kitsen da ke ƙarƙashin ƙoƙon ne kore, ana kuma danganta hakan da tsiron da yake ci. Gansakuka kam tana fitowa a bayansa, akwai ma ƙananan kifi da ke zuwa su share masa ita in ya kwanta hutu a gindin dutse.

Alhaji_Kwatano
Ni na daɗe ina harkar motoci a Kwatano, kuma na taɓa gani da idona. Wata asuba masunta suna jan koma a bakin teku, sai ga shi ciki, sai da ƙarti huɗu suka kama. Ban san ko wannan koren ba ne ko wani. Abin da ya tsaya mini a rai, hawaye yake yi, mai kauri, yana bin fuskarsa. Wata mai kifi ta ce kukan ƴaƴansa yake. Sun yi gardama tsakaninsu, wasu na cewa a mai da shi ruwa kada ƴan gandun daji su zo, a ƙarshe dai aka mai da shi. Wani tsohon masunci ya ce mini ya taɓa buɗe cikin wanda ya mutu cikin raga, ya tarar da leda da zaren koma a cushe.

Malama_Hadiza_SVT
Alhaji, hawayen nan ma maganar abinci ce. Duk lomar da ya yi cikin teku da gishiri take shiga, ƙodarsa kuma ba ta iya fitar da shi duka. Akwai wasu ƙulli a bayan idanunsa da ke tace gishirin su zubo da shi, ruwan da ke fitowa ya fi na teku gishiri. Cikin ruwa ma yana yi, ba a gani ne kawai. Maƙoshinsa kuma cike yake da wasu ƙayoyi masu kallon ciki, in ya matse ya fitar da ruwan da ya shiga, su ke riƙe abincin kada ya biyo. Ledar da ta wuce ƙayoyin nan da wuya ta komo.

Ardo_Tanut
Leda kam kada a tuna mini. Je mahauta da safe ka ga abin da ake cirowa.

Ummu_Khadija
Don Allah malamai, ni tambayata daban ce. Ya halatta a ci? Maigidana yana zuwa Lome, ya ce a wasu ƙauyukan gaɓa ana sayar da naman a ɓoye.

Malam_Zango
Ummu Khadija, a mazhabarmu ta Malikiyya dabbar teku halal ce, ko da tana iya daɗewa a tudu, kuma ba ta buƙatar yanka. Hujjar ita ce hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce game da teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Hanafawa kuwa kifi kaɗai suka halatta. Amma halaccin asali ba ya hana a bar abu in cutarwa ta tabbata, ko hukuma ta hana don maslaha. Wallahu a'alamu.

Inna_Lokotoro
Malam ya yi gaskiya da ya kawo maganar cutarwa. Ummu Khadija, ki ce wa maigidan ya yi nesa da shi. Naman kunkurun teku wani lokaci yana ɗauke da guba, ba a gane ta da ido ko da wari, dafuwa ba ta kashe ta, kuma babu maganin da ke karya ta, sai dai a tallafi marar lafiya. Masana suna danganta ta da wata irin gansakuka mai dafi da yake haɗiyewa wajen kiwo, shi ba ta yi masa komai, ta taru a jikinsa. A watan Maris 2024 a tsibirin Pemba na Zanzibar yara takwas da babba ɗaya suka rasu bayan sun ci, an kwantar da gommai. A 2021 ma an yi irin haka a tsibirin. Yara ta fi kayarwa, har jariri mai shan nono tana iya kai wa ta jikin uwa.

Ummu_Khadija
Innalillahi. An gama magana, ko kyauta ba ya shigo mini gida.

Baba_Garba_Garin_Malam
Ƴaƴana, ina karanta ku tun ɗazu. Ni ban taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi da za mu sauka Jidda. Amma akwai kunkurun tudu a gidanmu tun zamanin mahaifina, irin manyan nan na daji. Ya haƙa rami a bayan rumbu, da zafi ba ka ganinsa sai la'asar sakaliya. Ciyawa yake ci da harawa da ɓawon kankana. To amma na sha ganinsa yana gurgurar tsohon ƙashi. Saboda haka in an ce dabba mai cin ciyawa ce, kada a rantse ba ta taɓa wani abu.

Ardo_Tanut
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ƙashin don ƙarfin ƙoƙonsa yake ci. A riƙa ba shi busasshiyar ciyawa da yawa, a rage masa ragowar tuwo in yara suna ba shi. Irinsa sun yi ƙaranci a daji yanzu, sai can wajen Termit.

Dan_Birni_Zr
Yauwa Baba, ka kawo ni inda nake so. Malama, tun farko kin ce "in ya girma". Kenan kafin ya girma fa?

Malama_Hadiza_SVT
Kafin ya girma mai cin nama ne, ko in ce mai cin duk abin da ya samu. In ya fashe daga ƙwai, bayan kamar wata biyu cikin yashi, bai kai tafin hannu ba. Yana shiga ruwa sai ya nausa tsakiyar teku, ya yi shekaru yana bin tarin gansakukar da ke yawo a saman ruwa, yana cin ƙwan kifi, ƴan tsutsotsi, ƙananan méduse. Sai ƙoƙonsa ya kai kamar santimita 25 zuwa 40 yake matsowa gaɓa, kuma gaɓar duwatsu na daga cikin wuraren da matasa suka fi sauka, don akwai abinci ga kuma ramukan ɓuya a jikin dutse. A nan yake juyawa ga tsiro, wani da sauri, wani a hankali, don ƙwayoyin hanjin da Ardo ya yi bayani sai sun sauya su ma.

Wuri ma yana da tasiri. Wani nazari na 2020 ya tattara binciken da aka yi a sassan duniya, ya ga inda ruwa ke da ɗumi, sama da digiri 25, ciyawar teku ce kan gaba. Inda ya yi sanyi, ƙasa da digiri 20, rabon nama yana ƙaruwa sosai ko ga manya. Da sanyi hanjin ba ya narkar da tsiro yadda ya kamata.

Dan_Birni_Zr
To ashe ba ni da laifi. Yaro yana cin nama, na ruwan sanyi yana cin nama, babba ma in ya tsinta ba ya ƙi. Wannan ai rashin samu ne, ba zaɓi ba. Kunkuru ya so dambe ba shi da yatsa.

Sani_Nuwakshot
Yaya, in rashin samu ne da ba ya tsince-tsince. A Hawai, inda gaɓar duk dutse ce, an samu gansakuka fiye da iri 200 a cikinsu, amma ƴan kaɗan ne suka cika cikin, galibi jajaye masu laushi. Yana wuce wata ya je ga wata. Akwai ma iri biyu da asali ba na wurin ba ne, ɗaya ta shigo wajen 1950 manne a jikin jirgin ruwa, ɗaya an kawo ta 1974 don a noma, suka bazu suka zama annoba a gaɓar. Kunkurun ya koma kansu har suka shiga sahun gaba a abincinsa. Wasu masana suna zargin hakan na da hannu a ciwon ƙari da ke fito musu a ido da wuya, musamman inda ruwan taki da na masai ke gangarowa teku. Ƙwayar bairos ce tushen ciwon, ana dai gardama kan abin da ke tayar da ita.

Ba_Kura_Gure
Kai ɗan makaranta, ka ce yana zaɓe, ka kuma ce ya koma kan baƙuwar da ta fi yawa. Wanne za mu ɗauka?

Sani_Nuwakshot
Duka biyun Baba Kura. Yana zaɓe cikin abin da ke gabansa.

Mai_Shayi_Dole
Haka nake gaya wa masu zuwa teburina su ce madara ta gwangwani suke so ranar da babu.

Ardo_Tanut
Sani, ni abin da nake so in ji, makiyaya ba ta ƙarewa? Dabbar da ke komawa fili ɗaya, in suka yi yawa ai ƙasa za su bari.

Sani_Nuwakshot
Tana ƙarewa. A Bamuda da tsibiran Lakshadwip na Indiya an ga inda suka cinye ciyawar har saiwa, filin ya koma yashi. Yawansu ya ƙaru ne saboda kariyar da aka yi musu shekara da shekaru, har a Oktoba 2025 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta fitar da koren kunkuru daga jerin masu fuskantar ɓacewa. Cinikinsa tsakanin ƙasashe dai har yanzu haramun ne a yarjejeniyar CITES ta cinikin dabbobin daji, kuma akwai yankunan da suke ci gaba da raguwa. Wasu masana suna cewa matsalar ba yawan kunkuru ba ce, ƙarancin babban kifin shak mai zane ne da ke farautarsu. A yammacin Ostareliya an lura in shak ɗin na kusa, ƙosasshen kunkuru yana barin wuri mai ciyawa mai kyau ya koma gefe inda zai iya tsira, ramammen ne ke kasadar shiga tsakiya. Tsoron ke ba ciyawar hutu.

Ardo_Tanut
Wannan ban yarda da shi duka ba. Tsoro yana raba dabba da wuri, amma ba ya rage bakin da ke ci. In adadi ya wuce ƙarfin fili, ko da shak ko babu sai an ga ƙasa.

Malama_Hadiza_SVT
Ardo, da can sun fi haka yawa ninkin ba ninkin. Kolumbus da ya ga tsibiran Kayman a 1503 sunan kunkuru ya sa musu saboda yawansu, daga baya jiragen Turawa suka riƙa lodinsu da rai, a kife su a baya a ci a hanya, har aka kusa share su daga wurin. A wancan zamani ciyawar ta ɗauke su. Yanzu ita kanta ciyawar ta ragu saboda gine-ginen gaɓa da ƙazantar ruwa.

Dan_Birni_Zr
Na sake kallon bidiyon a hankali. Wallahi akwai inda wani abu fari ya motsa a jikin dutsen kafin ya kai baki. Ku duba wajen ƙarshe.

Zara_Mirya
Na duba, kumfa ce.

Ba_Kura_Gure
Kaguwa ce. Mutanen Mirya me suka sani ban da tsamiya da rake.